Karatu da Rubutu a Adabin Amurka na Farko, 1607 zuwa 1855

1. Gabatarwa

Masu tarihin adabin Amurka sun saba kasa shekarunsa na farko kashi uku. Kashi na ɗaya shi ne zamanin masu wa'azi, wanda ya faro daga saukar Turawan Ingila a Jamestown cikin 1607 har zuwa tsakiyar ƙarni na 18. Na biyu shi ne zamanin hankali da neman ƴancin kai, wanda ya kai wajen 1820. Na uku kuwa shi ne zamanin ƙagaggun labarai da neman adabin ƙasa, wanda ya cika ya batse tsakanin 1850 da 1855. Wannan rabo yana da amfani ga mai nazari, kuma shi za mu bi a nan. Sai dai yana faɗa mana abin da aka rubuta ne kawai, ba ya faɗa mana ko wane ne aka bari ya riƙe alƙalami.

Abin da wannan muƙala ke son nunawa shi ne, a Amurka ta wancan zamani karatu da rubutu ba tafiyarsu ɗaya ba. Karatu an baza shi da wuri, domin masu mulki da malaman addini suna son a ji maganarsu. Rubutu kuwa an yi rowarsa, domin da shi mutum ke mayar da amsa. Idan muka riƙe wannan bambanci, za mu ga dalilin da ya sa waɗansu littattafai na wannan adabi suke da rai har yanzu, waɗansu kuma da aka yi ta yabo a zamaninsu ba mai buɗe su yau sai ɗalibin tarihi.

2. Zamanin masu wa'azi

Rubuce-rubucen farko da suka fito daga Birjiniya rahotanni ne zuwa ga masu jari a Landan. John Smith ya buga rahotonsa na fari a 1608, sa'an nan ya faɗaɗa shi a 1624. A cikin littafin 1624 ne aka sami cikakken labarin yadda Pocahontas, ɗiyar sarkin ƴan asalin ƙasa, ta cece shi daga kisa. Labarin babu shi a rahoton farko, shi ya sa manazarta suka daɗe suna gardama a kansa. Smith marubuci ne mai zafin nama, amma mai karatunsa yana Ingila, ba ya Amurka.

A arewa, cikin yankin da ake kira Sabuwar Ingila, al'amarin ya sha bamban. Mutanen da suka sauka a Plymouth a 1620, da waɗanda suka kafa Boston a 1630, ƴan ɗariƙar Furitan ne, wato Kiristocin da suka ce cocin Ingila bai tsarkaka ba. A aƙidarsu wajibi ne kowane mutum ya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa. Saboda haka suka kafa kwalejin Harvard a 1636, suka kawo injin ɗab'i, kuma a 1640 suka buga fassarar Zabura, littafi na farko da aka buga a ƙasashen da Ingila ke mulki a Amurka. A 1642 hukumar Massachusetts ta ɗora wa iyaye da iyayen gida nauyin koya wa yara karatu. A 1647 ta ƙara da cewa duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malami, wanda ya kai gida 100 kuma ya buɗe makarantar share fagen shiga kwaleji. Dalilin da dokar ta bayar shi ne, Shaiɗan yana son mutane su jahilci nassi.

A aikace kuwa, yaro yakan fara da karatu shi kaɗai, sau da yawa a hannun wata dattijuwa a cikin gida. Rubutu darasi ne na daban da ke zuwa daga baya, kuma galibi maza ake koya wa, don amfanin ciniki da sha'anin mulki. Ta haka aka sami mata da yawa da suke karanta Zabura ba gargada amma ba su iya sa hannu a takarda ba. Littafin koyon karatu da ya yi fice tun daga wajen 1690, The New England Primer, ya haɗa kowane harafi da ɗan baiti na gargaɗi, harafin A kuwa an haɗa shi da faɗuwar Annabi Adamu. Wato yaro yana shiga karatu ta ƙofar zunubi. Za mu sake gamuwa da wannan harafi a gaba.

Masu karatu irin waɗannan su suka ba adabin zamanin siffarsa. Malamansu sun zaɓi salo miƙaƙƙe, ba ado, don manomi da maƙeri su fahimta. William Bradford, gwamnan Plymouth, ya rubuta tarihin garinsa tsakanin 1630 da 1651 da irin wannan salo, kuma ƙarfin littafin yana cikin yadda muryarsa ke sanyi sannu a hankali yayin da yake ganin jama'ar da ya zo da ita tana watsewa neman gonaki. Ba a buga shi ba sai 1856. Wanda ya sami kasuwa a lokacin shi ne Michael Wigglesworth, da doguwar waƙarsa ta 1662 a kan ranar alƙiyama, baiti 224, wadda yara suka yi ta haddacewa. Yau ba a karanta ta don jin daɗi, domin ba ta ƙara kome a kan abin da mai sauraro ya riga ya ji a coci.

Anne Bradstreet ta fi su koya mana darasi. Ta sami ilimi a Ingila, a gidan wani basarake inda mahaifinta ke wakilci, ta zo Amurka a 1630, ta haifi ƴaƴa takwas. Mijin ƴar'uwarta ya kai waƙoƙinta Landan aka buga a 1650. Waƙoƙin wannan bugu dogaye ne, a kan dauloli da yanayin shekara da ɗabi'un jiki, kuma ta bi sawun mawaƙin Faransa Du Bartas ƙafa da ƙafa. An yaba mata a kansu, amma sun mutu. Waɗanda suka rayu su ne gajerun da ta rubuta don kanta: zuwa ga mijinta in ya yi tafiya, a kan mutuwar jikokinta, a kan gobarar da ta cinye gidanta a 1666. A cikinsu za a ga mace tana kokawa da zuciyarta, tana son ta miƙa wuya ga hukuncin Allah, baƙin ciki kuwa bai sake ta ba. Haka ma Edward Taylor, limamin garin Westfield da ya rasu a 1729: waƙoƙinsa na ibada sun kwanta a ɗakin karatu na Yale sai a 1937 aka fito da su fili, kuma yanzu ana lissafa shi cikin manyan mawaƙan zamanin. Wannan zamani ya rufe da Jonathan Edwards, wanda huɗubarsa ta 1741 a garin Enfield, a kan masu zunubi da fushin Ubangiji, ta nuna iyakar abin da salon wa'azi zai iya yi wa mai sauraro.

3. Mai jera haruffa da matar da aka kama

Ƴan asalin ƙasa suna da adabinsu na baka, tatsuniyoyi da waƙoƙi da jawaban majalisa, tun kafin zuwan Bature. Shigarsu duniyar boko ta zo ne ta hanyar mishan. A 1663 John Eliot ya buga Littafi Mai Tsarki cikakke da harshen Massachusett, kuma shi ne na farko da aka buga a nahiyar Amurka da kowane harshe. Sunan Eliot ne a kansa, amma aikin bai yiwu ba sai da masu harshen. Ɗaya daga cikinsu, wani mutumin ƙabilar Nipmuc da Turawa suka raɗa wa suna James Printer saboda sana'arsa, shi ya riƙa jera haruffan a maɗaba'a.

A 1675 yaƙi ya ɓarke tsakanin Turawa da ƙabilun da sarki Metacom ya haɗa. A watan Fabrairu na 1676 aka kai hari garin Lancaster, aka kama Mary Rowlandson, matar limamin garin. Ta yi mako goma sha ɗaya a hannunsu, ɗiyarta mai shekara shida ta mutu a jikinta, daga bisani aka fanshe ta da fam 20. Labarinta da aka buga a 1682 ya buɗe wani reshe na adabi, wato labarin kamamme, wanda ya daɗe yana cin kasuwa. Abin lura a littafin shi ne murya biyu da ke ja-in-ja a ciki. Murya ɗaya tana jawo ayoyi tana kiran masu kamun da munanan sunaye. Ɗayar kuwa tana faɗin abin da ido ya gani: yunwar da su ma suke fama da ita, wanda ya ba ta Littafi Mai Tsarki, ɗinkin da ta yi musu suka biya ta. Murya ta biyu ce ta sa littafin ya zama adabi.

James Printer yana cikin waɗanda suka rubuta wasiƙun cinikin fansarta a madadin masu kamun, kuma bayan yaƙi shi ne ya koma maɗaba'ar Cambridge ya jera haruffan littafinta. Mutum ne da ya san ɓangarorin biyu, ya iya harsunan biyu, haruffa suna hannunsa, amma labarin yaƙin daga bakinsa ba mu da shi. Sai a 1772 wani ɗan asalin ƙasa, Samson Occom na ƙabilar Mohegan, ya buga huɗubarsa da Ingilishi ta sami karɓuwa, sa'an nan William Apess na ƙabilar Pequot ya buga tarihin rayuwarsa a 1829.

4. Zamanin hankali da neman ƴancin kai

A ƙarni na 18 akalar rubutu ta fara fita daga hannun limamai ta koma hannun masu ɗab'i da lauyoyi. Jigon ya sauya daga tsira a lahira zuwa gyaran zaman duniya ta hanyar hankali da gwaji. Benjamin Franklin shi ne madubin wannan zamani. Shekara biyu kawai ya yi a makaranta, yana ɗan shekara 12 aka ba da shi koyon ɗab'i wurin wansa. Ya koya wa kansa rubutu ta hanyar da ya bayyana a tarihin rayuwarsa: ya karanta muƙala a mujallar Spectator ta Landan, ya ajiye ta kwana biyu, ya sake gina ta da kalmominsa, sa'an nan ya gwada da ta asali. Daga 1732 zuwa 1758 ya riƙa fitar da littafin kalanda na shekara-shekara mai suna Poor Richard's Almanack, wanda ake sayar da kwafi wajen 10,000 a shekara. A tsakanin lissafin wata da hasashen yanayi yakan cusa karin magana. Yawancinsu tsofaffi ne na Turai, ya dai goge su ya rage musu tsawo. Franklin ya gane cewa wanda ya fita daga makaranta yana bukatar abin karantawa mai araha, mai amfani, mai ban dariya, in ba haka ba karatun ya zube. A 1731 kuma ya haɗa abokansa suka kafa ɗakin karatu na karo-karo a Philadelphia.

Aibin Franklin a matsayin marubuci shi ne, ya mayar da halin kirki kamar lissafin kanti: ya jera kyawawan ɗabi'u 13 a jadawali yana sa alama duk ranar da ya saɓa. Abin da ke damun Bradstreet da dare ba ya cikin littafinsa. Amma shi ya kafa tsarin labarin da Amurkawa suka fi so, na yaron da ba shi da kome ya gina kansa da karatu da aiki.

Thomas Paine, wanda ya zo daga Ingila a 1774, ya ɗauki salon nan miƙaƙƙe ya sa shi aikin siyasa. Ɗan littafinsa Common Sense na Janairun 1776 ya yi kira ga rabuwa da sarkin Ingila da harshen da ake ji a kasuwa, hujjojinsa kuma daga Littafi Mai Tsarki da rayuwar yau da kullum ya ɗebo su. An yi ta karanta shi da babbar murya a wuraren taruwa, har wanda bai iya karatu ba ya ji. Wata shida bayan haka aka shelanta ƴancin kai.

Bayan ƴanci sai tambayar harshe ta taso: ƙasa sabuwa, harshe na tsohon ubangida. Noah Webster, malamin makaranta, ya amsa ta da littafin koyon ƙa'idar rubutu a 1783, wanda aka sayar da miliyoyinsa cikin ƙarni na 19, sa'an nan da ƙamus mai kalmomi wajen 70,000 a 1828. Manufarsa ita ce yaran ƙasar duka su rubuta iri ɗaya, su furta kusan iri ɗaya. Ya gwada sauye-sauye masu tsauri a ƙa'idar rubutu, jama'a suka ƙi yawancinsu, ƴan kaɗan masu sauƙi suka zauna. Amma daidaita rubutu bai haifar da marubuta nan take ba, kuma dalili ɗaya na kasuwa ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 1790 ta kare marubutan cikin gida kawai, saboda haka mai maɗaba'a yana iya buga littafin Ingila ba tare da biyan ko anini ba, na ɗan ƙasa kuwa sai ya biya. Ba a toshe wannan kafa ba sai 1891. Ƙagaggun labaran farko, kamar na William Hill Brown a 1789 da Wieland na Charles Brockden Brown a 1798, a cikin wannan matsi suka fito.

5. Waɗanda aka hana alƙalami

Thomas Jefferson, wanda ya tsara shelar da ta ce an halicci mutane daidai, ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Wannan saɓani shi ne babban jigon adabin Amurka, kuma a nan ne bambancin karatu da rubutu ya fito ƙarara. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, Karolina ta Kudu ta yi doka a 1740 mai cin tarar fam 100 ga duk wanda ya koya wa bawa rubutu. Ba ta ambaci karatu ba. Bawa mai karatu yana iya karanta ayar biyayya. Bawa mai rubutu kuwa yana iya rubuta wa kansa takardar izinin tafiya. Sai bayan da David Walker ya buga kiransa ga baƙar fata a 1829, Nat Turner kuma ya yi tawaye a 1831, jihohin kudu da dama suka tsananta har karatun ma ya zama laifi.

Phillis Wheatley an kawo ta Boston daga Afirka ta Yamma a 1761 tana ƙaramar yarinya, aka raɗa mata sunan jirgin da ya ɗauko ta. Iyayen gidanta sun koya mata Ingilishi da Latin. Da ta tara waƙoƙi, sai da manyan Boston 18, har da gwamna, suka sa hannu a takardar shaidar cewa ita ta rubuta su, kafin a buga littafin a Landan a 1773. Waƙoƙin sun bi awon Alexander Pope sau da ƙafa, kuma mai karatu na yau zai ga ladabin ya yi yawa. Amma a wasiƙar da ta aika wa Samson Occom a 1774, wadda jaridu suka buga, ta fito fili ta nuna wautar masu kukan neman ƴanci alhali suna riƙe da bayi. Jefferson ya kushe waƙoƙinta a littafinsa a kan Birjiniya. Ta nemi masu tallafa wa littafi na biyu ba ta samu ba, ta rasu cikin talauci a 1784.

Akwai kuma waɗanda suka iso Amurka da rubutunsu tun daga gida. Umar ibn Sa'id, mutumin Futa Toro, ya yi shekaru yana karatu wurin malamai kafin a kama shi a kai shi Charleston a 1807. Ya gudu, aka tsare shi a kurkukun Fayetteville, inda ya ja hankalin mutane da rubutun Larabci da ya yi a bango. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, ƴan shafuka kaɗan. Ya buɗe da Suratul Mulk, sa'an nan ya yaba wa ubangidansa. Manazarta da dama suna ganin zaɓen surar magana ce a dunƙule: mulki na Allah ne, ba na mai bawa ba. Waɗanda ke kewaye da shi ba su iya karanta abin da ya rubuta ba, sai dai su ajiye shi kamar abin mamaki. Ya rasu yana bawa. Babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya mallaki rubutun a 2017. Haka nan Mahommah Gardo Baquaqua, haifaffen Jugu a arewacin ƙasar Benin ta yau, wanda littafinsa ya ce mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. An sayar da shi Barazil, ya kuɓuta a New York a 1847, aka buga labarinsa a Detroit a 1854. Wani Bature, Samuel Moore, shi ya tsara littafin, don haka sashe yana magana a kan Baquaqua, sashe kuma Baquaqua ne ke magana, kuma inda ya karɓi maganar da kansa nan labarin ya fi tsuma zuciya.

Frederick Douglass shi ya kai wannan reshe ƙololuwa da littafinsa na 1845. Uwar gidansa a Baltimore ta fara koya masa haruffa, mijinta ya hana, ya ce ilimi zai lalata bawa. Douglass ya ce daga wannan hani ne ya gane hanyar fita. Ya riƙa ba yaran Turawa matalauta burodi suna koya masa darasi, ya koyi rubutu ta kwaikwayon haruffan da kafintocin jirgi ke sa wa katako. Tsarin labarin na Franklin ne, yaro ya gina kansa da karatu, amma Douglass ya juya shi ya zama ƙara a kan ƙasar baki ɗaya. Shi ma sai da Turawa biyu masu adawa da bauta suka gabatar da shi a farkon littafin, kuma taken littafin ya jaddada cewa shi da kansa ya rubuta. A ganinmu, cikin duk zuben da aka yi a Amurka kafin 1850 ba wanda ya fi wannan ƙarfi, domin kowace jimla tana da aikin da aka aike ta.

6. Neman adabin ƙasa

A 1820 wani mai sharhi a Birtaniya, Sydney Smith, ya yi ba'a yana tambaya ko akwai mai karanta littafin Amurka a duniya. A daidai lokacin Washington Irving yana fitar da tarin labaransa daga Ingila. Fitaccen cikinsu, Rip Van Winkle, mutumin da ya yi barcin shekara 20 ya farka ya tarar an yi juyin mulki, tushensa tatsuniyar Jamus ce da Irving ya dasa a bakin kogin Hudson. James Fenimore Cooper ya juya ga daji da bakin iyaka a littattafai biyar tsakanin 1823 da 1841, ciki har da The Last of the Mohicans na 1826. Ya ba Amurka gwarzonta na farko, maharbi mai gudun gari, amma ya zana ɗan asalin ƙasa a matsayin mai daraja wanda ƙarewarsa ƙaddara ce.

A shekarun da ake karanta wannan, ƙabilar Cherokee tana ƙaryata shi a aikace. Sequoyah, maƙerin azurfa da bai iya karatun Ingilishi ba, ya kammala haruffan gaɓa na harshensu a 1821, alama 85 a tsarin da ya zauna. Cikin ƴan shekaru karatu da rubutu suka bazu a ƙabilar, mutane suna koya wa juna ba tare da makaranta ba. A 1828 suka fara jarida, Cherokee Phoenix, da harsuna biyu. Majalisar Amurka ta yi dokar kwashe ƙabilu a 1830, dakarun jihar Jojiya suka ƙwace injin ɗab'in a 1835, a 1838 kuma aka kora su yamma, dubbai suka mutu a hanya. Rubutu bai tsare musu ƙasa ba, amma ya bar mana hujjojinsu da bakinsu, abin da James Printer bai samu ba.

Marubutan wannan zamani sun rabu gida biyu. Ralph Waldo Emerson, da littafinsa Nature na 1836 da jawabinsa na Harvard a 1837, ya koyar da cewa mutum yana iya kai wa ga gaskiya ta hanyar zuciyarsa da duban halitta, ya kuma yi kira ga Amurkawa su daina zaman almajiran Turai. Margaret Fuller ta shirya mujallar wannan ƙungiya daga 1840, ta buga littafi a kan matsayin mace a 1845. Henry David Thoreau ya zauna shekara biyu a bukka a bakin tafkin Walden, ya kwana ɗaya a kurkuku a 1846 don ƙin biyan haraji ga gwamnatin da ke kare bauta, ya buga Walden a 1854. Gida na biyu, na Edgar Allan Poe da Nathaniel Hawthorne da Herman Melville, bai yarda zuciyar mutum tana da wannan tsarki ba. Hawthorne, wanda kakansa na nesa yana cikin alƙalan shari'ar maita ta Salem a 1692, ya koma ga harafin A ɗin nan a The Scarlet Letter na 1850. Hukuma ta tilasta wa Hester Prynne sa shi a ƙirji don kowa ya karanta laifin zinarta. Ita kuwa ta ƙawata shi da zare na zinariya, ta zauna da shi shekaru tana hidimar marasa lafiya, har mutanen gari suka fara ba shi wata ma'ana. Labarin gaba ɗaya gardama ce a kan wanda ke da ikon fassara harafi.

Moby-Dick na Melville, 1851, bai sayu ba, sai bayan 1920 aka gane girmansa. Littafin Harriet Beecher Stowe a kan bauta, na 1852, ya sayar da kwafi wajen 300,000 a shekararsa ta farko, duk da raunin ginin mutanen cikinsa. A 1855 Walt Whitman, wanda shi ma ɗab'i ya koya tun yana yaro, ya fitar da waƙoƙi 12 marasa amsa-amo da kuɗin kansa, ya jera waɗansu shafukan da hannunsa.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da abu uku. Na ɗaya, baza karatu ya samar da masu sauraro, amma adabi bai samu ba sai inda mai karatun ya sami rubutu da abin faɗi da ya dame shi. Waƙoƙin kwaikwayo na Bradstreet da Wheatley sun tsufa, abin da suka rubuta daga cikin halin da suke ciki bai tsufa ba. Na biyu, tsakanin rubutu da mai karatu akwai maɗaba'a da kasuwa da doka: Franklin da Whitman suna da inji a hannu, Wheatley da Douglass sai da shaidu, Cherokee an ƙwace nasu. Na uku, ilimin da hukuma ba ta san haruffansa ba kamar babu shi ake lissafa shi, kamar yadda ya faru ga Umar ibn Sa'id. Masu ƙidayar yaƙi da jahilci a ƙasashen da ajami ya riga boko sun san wannan matsala.

Harshen da Eliot ya buga littafinsa da shi ya daina fita a bakin mutane tun ƙarni na 19. A 1993 Jessie Little Doe Baird, ɗiyar ƙabilar Wampanoag, ta soma aikin farfaɗo da shi tare da jama'arta. Fassarar 1663 ta ba su tarin kalmomi da nahawu. Bayan ita kuma sun sami takardun filaye da wasiyyoyi da wasiƙu waɗanda kakanninsu suka rubuta wa junansu da harshen, domin waɗansu daga cikin mutanen da aka koya wa karatu don su karanta wa'azi sun wuce nan, sun koyi rubutu, sun yi amfani da shi a sha'anin gabansu. Da waɗannan takardu aka shirya ƙamus da darussan da aka koma koya wa yara.